Yadda za ka fara wasan tsalle da sikuta

Sikutar da ake turawa da ƙafa nake nufi, ba mai inji ba. Abu na farko, kar ka sayi sikuta mai naɗewa, don Allah kar ka saya, ko da mai shago ya rantse maka da ƙarfinta. Dalilin yana cikin tarihin wasan kansa. A shekarar 2000 ne kamfanin Razor na Amurka ya cika gari da ƴar sikutar alminiyon ɗin nan da ake naɗewa a rataya, yara suka fara kai ta filayen da masu sikeit (allo mai taya) da kekunan tsalle na BMX ke wasa, suna tsalle da ita, sai dai duk dirar da aka yi wajen naɗewar nan ne ke kwancewa ko ya karye. Shi ya sa ƴan farko suka dinga ɗaure wajen da noti, wasu ma har walda suke masa. Daga nan kamfanoni irin su Madd Gear da Envy na Ostareliya suka fara ƙera wadda ba ta naɗewa sam. Ita za ka nema.

Duba taya, ta zama mai ƙarfe a tsakiya ba roba zalla ba, milimita 100 ko 110 ta ishe ɗan koyo. Kan sikutar kuma, wato wajen riƙewa, idan ka tsaya a kanta ya tsaya maka wajen ƙugu, in ya fi haka tsawo juya shi zai ba ka wuya. Ɗaga ta ka sake ta a ƙasa, in ka ji kwaram-kwaram to wani abu ya saki, ɗauko alanki ka ɗaure. Hular kwano dole ce, ba maganar gayu.

Sai koyo. Ka fara da tsalle kawai, wanda suke kira bani hop: durƙusa kaɗan, ka ja kan sikutar sama lokacin da kake tashi, ƙafafunka biyu su biyo farantin da kake takawa, ka dira gwiwa a lanƙwashe. Yawancin mutane jikinsu ne ke tashi su bar sikutar a ƙasa, hannu ne ba sa ja da shi. Yi ta yi a kan siminti mai santsi, ba wajen yashi ba, ƙananan tayoyin nan ko tsakuwa ɗaya suka samu sai su watsar da kai.

In tsalle ya zauna sai telwip, wato farantin ya zagaya sau ɗaya kana sama ka dawo kansa. Nan ne ake shan wuya gaskiya, farantin zai ta dukan ƙwaurinka har ka ji kamar ka jefar da ita. Fara a tsaye a ƙasa, kana juya farantin da hannu kawai, wuyan hannu ne ke aikin, ƙafa shuri ɗaya take bayarwa. Sai ka koyi cafke shi da ƙafa ɗaya, ta biyun ta biyo baya.

Wasan da aka fara da kayan yara yanzu har gasar duniya gare shi, ƙungiyar wasan sikuta ta duniya, ISA, ta fara tata a 2012, Dakota Schuetz ɗan Amurka ya ci, sannan aka sa wasan a World Roller Games, gasar wasannin taya ta duniya, da aka yi a Basalona a 2019. Ka kalli bidiyon Ryan Williams, wani gwanin wasan, a YouTube in kana son ganin inda abin ya kai, amma dai juyin da yake yi a sama kar ka gwada shi a ƙofar gida.