Yadda Bahaushe mazaunin Legas zai gyara furucinsa na Turanci

Duk wanda ke ciniki a kasuwar Mile 12, ko yake neman aiki a kamfanonin Ikeja, ya san cewa sanin kalmomin Turanci daban, furta su yadda za a gane kuma daban. Tushen wahalar shi ne Hausa ba ta raba sautin p da f, ba ta kuma da v, saboda haka kunnen da ya tashi da ita yakan ji su iri ɗaya tun kafin baki ya karkace.

Da waɗannan ukun ya kamata a fara. Wajen furta f da v, haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa, alhali p da b sai leɓɓa biyu sun haɗu. A riƙe takarda marar kauri a gaban baki a ce "pan", za ta motsa da ƙarfi saboda iskar da ta fashe. A ce "fan", iskar za ta fito a hankali ba yankewa. Bambancin f da v kuwa a maƙogwaro yake, domin idan aka ɗora yatsu a wuya za a ji rawa a "very", ba za a ji ta a farkon "ferry" ba. A riƙa ɗaukar murya a waya ana saurare, don mutum ba ya jin kansa yadda wasu ke jinsa.

Sai jerin baƙaƙe. Hausa ta fi son wasali ya biyo bayan baƙi, shi ya sa "bread" ya zama burodi. Maganinsa shi ne a ja sautin s a "stop" ko "school", sannan a faɗa kan baƙi na gaba ba tare da an saka wasali ba.

Sautin "th", wanda Bahaushe kan mayar s ko z, Bayarabe kuma t ko d, yana gyaruwa idan aka sa kan harshe tsakanin haƙora, amma a ganina ba shi ne na gaggawa ba, sai ga ɗalibin da zai zauna jarrabawar WAEC, wadda ke da sashe na musamman kan sautuka.

Abin da ɗan kasuwa bai kamata ya yi wasa da shi ba shi ne inda ake ƙarfafa murya a cikin kalma. A "fifty" ƙarfin yana gaɓar farko, a "fifteen" kuwa yakan koma ta ƙarshe tare da jan wasali, kuma idan hayaniyar motoci ta yi yawa gara a bi farashin da cewa "one-five" ko "five-zero".