Yadda Ake Haɗa Kwamfutar Akwati Mai Jure Wahalar Gareji

Tun da aka ga 'yar kwamfutar da nake aiki da ita a gareji a Apo da ke Abuja, kullum sai an tare ni: "Malam, yaya ka haɗa ta?" To, ga shi.

Kayan da za ka tanada: Raspberry Pi 4 (ƙaramar kwamfuta mai girman tafin hannu), katin ajiya na microSD mai 32GB, allon kwamfuta mai inci 7, ƙaramin kibod, fanka, ƙarfen sanyaya, soso, kusoshi, fawa bank, da akwatin roba mai kauri. Don sayen su, fara leƙa Banex, kasuwar kayan lantarki da ke Wuse 2.

1. A wata kwamfutar, loda Raspberry Pi OS (babbar manhajar da ke tafiyar da Pi) a katin da manhajar Raspberry Pi Imager.
2. Zura katin a raminsa da ke jikin Pi.
3. Manna ƙarfen sanyaya a kan firosesa, wato ƙwaƙwalwar Pi.
4. Jona allon. A hankali, Malam! Siririyar wayar allon tamkar takarda take, ɗaga makullin raminta kafin ka tura.
5. Kunna komai a kan tebur tukuna. Ni gaggawa ta sa na fara huda akwati, na yi asararsa a banza.
6. Ɗaure allon a cikin murfi da kusoshi.
7. Huda wa fanka gefe. Zafin Abuja a watan Maris ba wasa ba, kuma da Pi ya kai digiri 80 na Celsius yake rage gudu.
8. Rufe hudar da soso saboda ƙurar hunturu.
9. Jona fawa bank ta USB-C. Kula: sai mai bada 5V da 3A. Ƙasa da haka, gargaɗin ƙarancin wuta zai riƙa fitowa.
10. Ɗaure wayoyi kada su yi lilo.
11. Kashe kwamfutar daga manhaja kafin ka zare wuta, in ba haka ba katin na iya lalacewa.