Yadda ake riƙon tsohuwar ƙaramar mota a Bauchi

Ƙananan motocin da suka cika titunan Bauchi, irin su Golf 3, Peugeot 206 da Corolla ta 2003 zuwa 2007, yawanci sun kai shekara ashirin ko suna dab da kaiwa. Golf 3 ma tun 1991 aka fara ƙera ta. Zafi da ƙura ne suka fi kwantar da su a gareji, don haka can ya kamata kuɗinka ya fara zuwa, fenti da rediyo su jira.

Makon da ka karɓi mota, ko 'yar Kwatano ce ko ta hannu, juye baƙin mai da filtarsa. Maganar dillali cewa "jiya aka yi sabis" kada ta hana ka. Injin 1.8 na Corolla da na Golf kusan lita 4 suke ci. Corolla baƙin mai mai lamba 5W-30 (lambar kaurin mai ce) kamfani ya ce a zuba mata. 20W-50 da bakanike zai miƙo maka ya yi kauri, ya fi dacewa da injin da ya riga ya gaji. A ƙurar garin nan kada ka wuce kilomita 5,000 ba ka juye ba. Injin 1.8 na Corolla, wanda ake kira 1ZZ, musamman na kafin 2005, an san shi da shan baƙin mai saboda zobban fistin, sai ka riƙa zaro sandar awo kowane mako, da safe, mota na tsaye a wuri mai daidai.

Golf 3 da 206 suna da bel ɗin taimin na roba, wanda ke daidaita motsin fistin da bawul. Idan ba ka san ranar da aka sa shi ba, canza shi tare da tenshina (abin da ke tamke bel ɗin) da famfon ruwa a aiki ɗaya. In ya tsinke a 206 ana cikin tafiya, fistin na dukan bawul ya lanƙwasa su, gyaran kuma ya ninka kuɗin bel sau da yawa. Corolla sarƙa gare ta, wannan bai shafe ta ba.

Ruwan lagireto shi ne babban lamari. A watan Maris da Afrilu zafi kan kusanci digiri 40, ga hawan hanyar Jos, ga doguwar tafiya zuwa Gombe, kusan kilomita 150. Ruwan rijiya ko na bohal yana barin farin datti mai daskarewa a cikin siraran bututun lagireto, yana kuma sa tsatsa ta ci famfon ruwa. Zuba kulan, wato ruwan sanyaya inji na kanti, rabi da rabi da tataccen ruwa irin wanda ake sa wa batir, ko ka sayi wanda aka riga aka haɗa. Kada ka gauraya launi biyu daban. Murfin lagireto kuwa, da mutane ke rainawa, shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Idan robarsa ta tsage, ruwa zai riƙa raguwa ba ka ga inda yake yoyo ba. Sabo ba shi da tsada.

Da yawa daga bakanikai, da sun ji mota na zafi, sai su cire tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto, su haɗa fanka kai tsaye, su ce ai na ƙasar sanyi ne. Kada ka yarda. Tamostat na buɗewa ne tsakanin digiri 82 zuwa 89, gwargwadon mota, don inji ya tsaya a zafin da aka tsara masa. In babu shi, da safiyar hunturu inji ba ya ɗumama da wuri, kwamfutar mota ta yi ta ƙara fetur, fulogi su yi baƙi, aljihunka ya ji a jikinsa. Ainihin ciwon kuma, toshewar lagireto ko mutuwar suwicin fanka, yana nan ba a taɓa shi ba. Ka ce, "Oga, a gwada tamostat ɗin a tafasasshen ruwa, in bai buɗe ba a sa sabo."

Idan allurar zafi ta haura rabi tana neman ja, gangara gefe ka kashe mota. Kada ka buɗe murfi sai bayan aƙalla minti 30, tururin na ɗaye fata. Kada ka sheƙa ruwan sanyi a inji mai zafi, kan injin zai iya karkacewa. Bayan haka duba baƙin mai: in ya koma kalar shayi mai madara, ko farin hayaƙi ya ƙi daina fita daga salansa, gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone. A ja motar, kada a tuƙa.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, fito da filtar iska duk bayan mako biyu ka kakkaɓe ta. Ta takarda ba a wanke ta da ruwa ko fetur. In ka ɗaga ta a rana haske bai ratsa ba, ta gama aiki.

Tun da aka janye tallafin fetur a 2023, mutane da yawa ke yawo a rizab. Famfon mai na cikin tanki ne, fetur ɗin ke sanyaya shi, don haka tanki a bushe na ƙona shi. Ka riƙe kwata ko sama. Man 'yan bumburutu kuma sai in dole, sau da yawa da ruwa ko datti a ciki, injekta, mai fesa wa inji fetur, ba ta yafe wannan.

Mai faci kan dura wa taya iska har 45 a ma'aunin PSI in ba ka tsaya a kansa ba. Ƙananan motoci 30 zuwa 33 suke so, adadin na rubuce a jikin ƙofar direba ko murfin tanki. Kafin ka sayi taya, musamman 'yar Beljiyam, karanta lambobi huɗu da ke gefenta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Wadda ta tsufa ko ta fara tsattsagewa a gefe ita ke fashewa a kwalta mai zafi, ko da zanenta na nan kamar sabo.