Kafin ka yi wa abokin aikinka wa'azi a Ingila

Daren Asabar da ta wuce wani ƙanenmu ya kira ni, muryarsa na rawa. Watansa huɗu a Ingila, ga shi an dakatar da shi daga aiki. Wata abokiyar aikinsa ce ta faɗa masa a wurin shan shayi cewa ita ba ta yarda akwai Allah ba. Shi kuma ya ɗauki mako biyu yana tura mata bidiyon wa'azi ta WhatsApp, har da na azabar kabari. Ta ce ya daina, bai daina ba. Da na ajiye wayar barci ya gagare ni, domin ramin da ya faɗa na riga shi faɗawa, kuma na gaji da ganin yaranmu na bin sawuna ɗaya bayan ɗaya.

Abin da kuka fi tambayata kafin ku taso shi ne ya fi sauƙi. Masallatai na nan. A Manchester inda nake, in ka shiga Cheetham Hill ko Longsight ko Rusholme, naman halal ba zai yi maka wuya ba. Maganar salla kuwa, ka gaya wa manajanka tun makon farko, musamman saboda hunturu, lokacin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba duk su same ka a bakin aiki. Doka ba ta tilasta masa ya sake ka ranar Juma'a ba, amma yawancinsu suna yarda a yi musayar lokacin aiki. Wannan ke nan.

Abin da ba a shirya mu a kansa ba shi ne zama da wanda ba shi da addini sam. A gida mutum ko Musulmi ne ko Kirista, Bamaguje ma yana da abin da yake girmamawa. A nan, ƙidayar 2021 ta nuna kashi 37 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales, sama da miliyan 22, sun ce ba su da addini. Kiristoci sun sauko kashi 46, karo na farko da suka gaza rabi. Mu Musulmi kashi 6.5 ne. Wato cikin mutum uku da za ka yi aikin dare da su, da wuya ka rasa ɗaya da bai taɓa ɗaga hannu ya roƙi kowa ba. Yawancinsu ba gaba suke yi da kai ba, haka suka tashi, iyayensu ma haka. Tun 2008 aka soke dokar hukunta saɓo a Ingila da Wales. Dokar daidaito ta 2010 kuma, wadda ta hana a tsangwame ka don kana salla ko kina sa hijabi, ita ɗin ce ta kare wanda bai yi imani da komai ba. Ba za ka rungumi rabinta ka yar da rabi ba.

Ni a gidan kula da tsofaffi abin ya same ni, a shekarata ta farko. Akwai wani dattijo, ya haura tamanin, tsohon ma'aikacin masaƙa. Ni ke yi masa wanka, ni ke aske masa gemu. Mun shaƙu ƙwarai. Yana tambayata labarin Kano, da rini, da yadda ake hawan salla. Wata rana ya gan ni da carbi, ya ce min shi tun yana saurayi ya bar zuwa coci, kuma ya tabbata in ya mutu shi ke nan, babu komai a gaba. Maganar ta tsaya min a ƙirji. Da jikinsa ya yi tsanani, aka ce kwanakinsa sun ƙure, sai na ga kamar nauyinsa a wuyana yake. Dare uku a jere ina zama gefen gadonsa ina yi masa bayanin lahira. A na ukun na riƙe hannunsa na ce ya maimaita kalmar shahada a bayana. Ya janye hannun, ya juya fuska ga bango. Da safe ya gaya wa 'yarsa.

Ranar Litinin aka kira ni ofis, aka miƙo min takardar dakatarwa. Ba wanda ya ɗaga min murya. Manajar ta ce mutumin nan ba ya iya tashi, ba ya iya fita daga ɗakin, ni ne mai ba shi ruwa, don haka ba shi da hanyar guje wa maganata. Na fito ina huci. A raina cewa nake an tsane ni ne don ni Musulmi ne, baƙar fata.

Kwana goma sha ɗaya na yi a gida. Wanda bai zo da bizar aiki ba ba zai gane irin wannan zaman ba. Bizarka a ɗaure take da wanda ya ɗauke ka aiki. In ya kore ka, dole ya sanar da ma'aikatar cikin gida, su kuma yawanci kwana 60 suke ba ka, ko ka sami wani mai ɗaukar nauyinka ko ka tattara. Wa zai ɗauki wanda aka kora bisa zargin takura wa tsoho mai jinya? Ga kuɗin haya, ga bashin da na ciwo na taho, ga mahaifiyata da ke jiran aike ƙarshen wata. Ko abinci ba ya shiga.

Wani dattijonmu da ya fi shekara talatin a ƙasar nan na kai wa kuka, ina zaton zai taya ni faɗa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yaro, da mahaifinka ne a kwance a asibiti a Kano, ma'aikaciyar jinya ta riƙe hannunsa ta ce ya karɓi Yesu, me za ka yi?" Na yi shiru. Ya tuna min da Abu Ɗalib, da ayar da ke cikin Suratul Ƙasas, cewa ba ka shiryar da wanda ka so. Ya ce in aka faɗa wa Manzon Allah (SAW) haka a kan baffansa, ni wane ne?

An mayar da ni aiki da gargaɗi na ƙarshe a rubuce. Tsohon da nake jinyarsa ya rasu ina gida, ban samu na ba shi haƙuri ba, kuma har yau abin na cina. Wadda ta tsaya min a zaman sauraron, ta shaida cewa ban taɓa wulaƙanta wani tsoho ba, mace ce da ba ta yarda da kowane addini ba. Ita ce dai take karɓar min aiki duk ranar idi.

Kada ku ce Musulmi kaɗai ake yi wa haka. A 2016 an kori wata ma'aikaciyar jinya Kirista daga wani asibiti a Kent saboda yi wa marasa lafiya wa'azi bayan an gargaɗe ta, kuma a 2019 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce korar na kan daidai. Ƙa'idar aikin jinya a ƙasar nan ta fito fili ta hana cusa wa majinyaci ra'ayinka na addini ko na siyasa. 'Yan'uwanmu Hausawa Kiristoci, wannan har da ku.

Ba cewa nake ka je gari ka ga kowa da wutsiya kai ma ka ɗaura ba. Da'awa ba laifi ba ce a Ingila. Ka bi Market Street a nan Manchester ranar Asabar ka ga teburan masu raba Alƙur'ani kyauta, ga Shaidun Jehobah da kekunan littattafansu, ga mai wa'azin coci da lasifika. A Landan, kowace Lahadi ana tafka muhawara a Speakers' Corner da ke Hyde Park. Bambancin shi ne a can mai wucewa yana iya wucewarsa. In abokin aiki ya tambaye ka dalilin azumi, amsa masa da sakin fuska, gwargwadon tambayarsa. In ya ce ya isa, ya isa. Majinyaci, da yaron da kake koyarwa, da wanda ke ƙarƙashinka, waɗannan kada ka fara.

Marasa addinin su ma suna da nasu. Tambayar "ko ruwa ba ka sha?" da za ka ji sau ashirin a watan azumi ba raini ba ce, mamaki ne. Amma akwai wanda ya mai da rashin imaninsa abin wa'azi, kullum yana binka da cewa addini tatsuniya ce, ko ya jefo maka kisan Deborah Samuel a Sakkwato a 2022, ko ɗaurin shekara 24 da kotu a Kano ta yanke wa Mubarak Bala kan ɓatanci ga addini a shekarar. Ka shirya wa waɗannan tambayoyi tun kafin su zo, ka faɗi abin da ke ranka da gaskiya ba tare da zafi ba. In abin ya zama tsokana ta kullum, kada ka rama, kada ka ɗaga hannu. Rubuta rana da lokaci da abin da ya faɗa da waɗanda ke wurin, ka kai wa manaja a rubuce. Dokar da ta kama ni za ta kama shi. Kuma don Allah ku cire kalmar "kafiri" da "arne" daga bakinku a wurin aiki da kuma Facebook. Ta farkon da yawansu sun san ta, ta biyun kuma waya na fassara musu cikin daƙiƙa.

Ina alfahari da mutanenmu a nan. An san mu da haƙuri da tsofaffi, domin mun tashi muna durƙusa wa kakanni, kuma iyalai da yawa suna roƙon a bar musu ɗan Najeriyar da ke kula da mahaifinsu. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga yaro ya sauka jiya, bai san lambar bas ɗin unguwarsu ba, amma ya ɗaura aniyar musuluntar da ma'aikata kafin albashin farko.

Ƙanen nan namu ranar Alhamis za a saurare shi. Bai shiga ƙungiyar ƙwadago ba, duk da na gaya masa ya shiga tun zuwansa, kuma doka abokin aiki ko wakilin ƙungiya kawai ta ba shi damar shiga da shi, don haka ni ba zan shiga ba. Jiya mun zauna mun rubuta takardar ban haƙuri ga matar, sau uku ina sa shi ya goge "amma". Zan kai shi a mota, in jira shi a waje.