Yadda Za Ku Tsara Mujallar Kiɗan Rok Ta Matasan Zango a Accra

Kafin kowa ya kunna kwamfuta, ku samo farar takarda A4 guda shida, ku ɗora su kan juna, ku ninke su biyu. Abin da ke hannunku ɗan littafi ne mai shafi 24, girman A5, wato milimita 148 a faɗi, 210 a tsawo. Ku sa wa kowane shafi lamba da fensir, ku rubuta abin da zai zauna a kansa. Wannan ɗan littafin fensir shi ne ƙashin bayan mujallar, sauran aikin duka cika shi ne. Abin da ya fi kashe mujallar matasa tun ba ta je ko'ina ba shi ne a fara da zanen bango mai ɗaukar ido, alhali ba a san yawan shafuka ba, ba a san mai saye ba, ba a san nawa takarda za ta ci ba.

Wa kuke rubuta wa?

Ku sa yaro ɗaya ko yarinya ɗaya a ranku: ɗan shekara 13 zuwa 19, yana ƙaramar sakandare (JHS) ko babba (SHS), gidansu a Nima, Mamobi, Sabon Zango ko Madina. Hausa a bakinsa take, amma karatu da Turanci da Larabci ya koye shi, don haka Hausar boko tana masa nauyi a ido. Wannan shi zai yanke muku tsawon rubutu. Jimloli gajeru, labari kada ya wuce kalma 350, babbar hira kaɗai za ta kai 800. Ku bi daidaitacciyar ƙa'idar rubutun Hausa, amma kalmomin su zama na gari: sidi, trotro, zango. Yaron da ya ga kalmar da bai taɓa ji a bakin uwarsa ba sau uku a layi ɗaya zai ajiye mujallar.

Abu na biyu, wannan yaron ba rok yake ji ba. Kunnensa ya saba da afrobit, da dansehol, da asaka na Kumasi. Aikinku ke nan ku jawo shi, ba ku ɗauka ya riga ya san mawaƙan Ingila da Amurka ba. Kuma hanyar jawo shi tana gida. Osibisa, ƙungiyar da ta kai afro-rok duniya, a Landan aka kafa ta a 1969, amma cikin waɗanda suka kafa ta, Teddy Osei da ɗan'uwansa Mac Tontoh 'yan Kumasi ne, mai ganga Sol Amarfio ma ɗan Ghana ne. Ranar 6 ga Maris 1971 ƙungiyar rok ta Santana daga Amurka ta yi wasa a dandalin Black Star a nan Accra, a bikin Soul to Soul. A arewa kuma akwai jitar Buzaye: Tinariwen daga Mali, waɗanda suka ci kyautar Grammy a 2012, da Bombino da Mdou Moctar daga Nijar. Yaron zango da kakansa ya zo daga Agadas ko Tawa, idan ya ji wannan jitar, ba baƙon sauti zai ji ba, dangin gurmi da molo da garaya zai ji an sa musu lantarki. Daga nan za ku iya kai shi wurin Jimi Hendrix, gwanin jitar rok na Amurka, da Sister Rosetta Tharpe, baƙar mace mai jitar lantarki da masu rok na farko suka koya daga gare ta. Labarinta 'yan mata za su so shi, kuma mujallar da ta manta da 'yan mata ta yar da rabin masu karatunta.

Akwai wani mai karatu da ba a faɗa: iyaye. Mujallar za ta shiga gida, Alhaji zai ɗaga ta, Hajiya za ta buɗe tsakiya. Ƙoƙon kan mutum a bango, ko kwalbar giya a hoto, ko tallar caca, ɗaya kawai ya isa a hana ta shiga gidan har abada, wataƙila ma layin gaba ɗaya. Ƙarfin rok a sautin jita da ganga yake, ba sai an aro duk kayan adonsa ba. Ku yanke wannan hukunci tun farko, ku rubuta shi, kowa a cikinku ya sani.

Rabon shafuka

Mujallar da aka ɗinke da waya a tsakiya, dole yawan shafukanta ya rabu da huɗu: 16, 20, 24, 28. Kowace takarda ɗaya tana ɗauke da shafi huɗu. Ku warware ɗan littafin fensir ɗin ku gani: shafi na 1 yana tare da na 24, na 2 da na 23, kowane biyun da ke maƙwabtaka idan an haɗa lambarsu 25 take bayarwa. Wannan lissafin kuɗi ne tsagwaronsa. Idan ba ku da ƙarfin buga komai da kala, ku zaɓi takardu biyu: ta waje, mai shafi 1, 2, 23, 24, da ta tsakiya, mai shafi 11, 12, 13, 14. Shafuka takwas ke nan masu kala, sauran 16 baƙi da fari. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a sa hoto mai kala ɗaya a shafi na 7, sai takardar duka ta koma farashin kala.

To sai rabo. Shafi na 2 da 23 da 24 na masu talla ne, tunda kala suke so. Na 3 gaisuwar edita da jerin abin da ke ciki. Na 4 da 5 gajerun labarai. Daga 6 zuwa 9 babbar hira da wata ƙungiya ko makaɗi na gida, ko da a coci ko a otal yake kaɗa jita. Na 10 da 11 tarihi. Na 12 da 13 hoto ɗaya babba da yaro zai cire ya manna a ɗaki, domin nan ne kaɗai hoto ke ratsa shafi biyu ba tare da ya karye a tsakiya ba. Sauran ku raba tsakanin darasi, sharhin waƙoƙi, wasiƙu da gasa.

Shafin darasi shi zai sa a ajiye mujallar ba a naɗe ƙosai da ita ba, saboda haka ku ba shi haƙƙinsa. Fitowa ta farko: tsirkiya shida na jita da yadda ake saita su, E A D G B E daga mai kauri zuwa siririya, da zanen inda yatsu biyu za su danna a fitar da sautin nan mai nauyi na rok. Fitowa ta biyu: kula da kaya. Iskar teku ta Accra tana sa tsirkiyar ƙarfe tsatsa da wuri, a goge ta da busasshen ƙyalle bayan kowane wasa. Wutar Ghana bolt 230 ce, amfilifaya, wato na'urar ƙara sautin jita, da aka kawo daga Amurka kuwa yawanci ta 120 ce, idan aka jona ta kai tsaye ba tiransifoma mai rage wuta, ta ƙone. Irin wannan bayanin ne yaro zai nuna wa abokinsa.

A shafin sharhi ku sa lambar QR kusa da kowace waƙa, mai kai mutum shafin mawaƙin na hukuma. Kada ta gaza santimita biyu a kowane gefe, baƙa a kan fari, kuma ku gwada ta da tsohuwar waya kafin bugu.

Zane: ƙara a kanu, natsuwa a jiki

Rok yana son hayaniya, kuma mai zane sabon shiga yana zuba ta ko'ina har rubutu ya ƙi karantuwa. Hayaniyar ta tsaya a kanun labari, da hoto, da bango. Jikin rubutu ya zama shiru: ginshiƙi biyu a shafi, tazarar milimita 5 a tsakaninsu, gefen waje milimita 12, gefen ɗinki 15, harafi girman 10, tazarar layi 12 ko 13. Salon harafi biyu sun isa, ɗaya na kanu, ɗaya na jiki. Launi ma biyu a kan baƙi.

A nan akwai ramin da mujallar Turanci ba ta faɗawa: ƙ, ɗ, ɓ. Yawancin haruffan ado masu kama da fentin bango ko yagaggiyar takarda ba su da waɗannan. Kwamfuta sai ta aro harafin daga wani salo daban, ko ta bar akwati fanko, sai ka ga kanu ya fito da “ƙ” siririya a tsakiyar haruffa masu kauri. Kafin ku amince da kowane salo, ku rubuta “Ƙaƙƙarfan kiɗa ya ɓarke” da manyan baƙaƙe da ƙanana ku duba. Noto Sans, Charis SIL, Gentium da Andika duk suna da su, kuma kyauta ne. Don kanu, mafita mafi kyau ita ce hannu: a samo mai zanen alluna na unguwa, irin masu rubuta bayan trotro da shagon aski, ya rubuta sunan mujallar da buroshi, a ɗauki hoto a tsabtace shi a kwamfuta. Ba wanda zai kwaikwaye shi, kuma da ganinsa an san na Accra ne. Kundin Osibisa na 1971 har yau da giwaye masu fukafukai da Roger Dean ya zana a bangonsa ake tuna shi. Alama ɗaya mai ƙarfi da ake maimaitawa ta fi ado goma.

Bango: fuska ɗaya, idonta yana kallon mai saye, sunan mujalla a kashi ɗaya bisa uku na sama, domin a kan tebur wasu takardu za su rufe ƙasan. Kanu uku, iyaka huɗu, da farashi da lambar fitowa.

Farin rubutu a kan baƙin shafi yana da kyau a allon kwamfuta, a takarda kuwa tawada tana malala ta cinye siraran haruffa. Idan dole ne, harafin ya zama mai kauri, kada ya gaza 11, kuma sakin layi ɗaya kawai. Ƙananan baƙaƙen haruffa kuma a yi su da baƙar tawada zalla, K 100. Idan aka haɗa su daga launuka huɗu, injin ya ɗan goce kaɗan, sai kowane harafi ya fito da inuwar ja ko shuɗi.

Hotuna

Hoton da zai cika shafin A5 yana buƙatar kusan fiksel 1,820 a faɗi da 2,550 a tsawo, wato 300 a kowane inci, har da zarcewar milimita 3 a kowane gefe. WhatsApp yana matse hoto, saboda haka ku ce a turo shi a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba. A wurin wasa a kashe filasha, saurin ɗauka ya kai 1/250 na daƙiƙa don hannun mai ganga kada ya zama hazo. Jan fitilar dandamali tana fitowa kamar laka a bugu. Irin wannan hoton a mai da shi baƙi da fari, sau da yawa ma ya fi ƙarfi haka.

Hoton da kuka gani a intanet yana da mai shi, haka ma baitukan waƙa. Dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ta 2005, doka mai lamba 690, ta kare su. Ku nemi izini a rubuce, ko ku sa wani yaro mai zane ya zana mawaƙin da hannunsa. Duk wanda bai kai shekara 18 ba kuma, sai da sa hannun uba ko uwa kafin hotonsa ya fita, kuma ba a buga lambar wayarsa.

Maɗaba'a da kuɗi

Accra New Town, maƙwabciyar Nima da Mamobi, cike take da maɗaba'u, ƙafa ma za ta kai ku. Ku tambayi wuri uku da bayani iri ɗaya a rubuce: A5, shafi 24, takwas masu kala, ɗinkin waya biyu, kwafi 300. Lissafin takarda na kwafi 300: kati 300 mai nauyin giram 200 zuwa 250 na bango, takarda mai sheƙi 300 mai giram 115 zuwa 130 ta tsakiya, sai farar takarda 1,200 ta sauran. Ku ƙara kashi 10 cikin ɗari na lalacewa, rim uku ke nan, tunda rim ɗaya 500 ne. Idan akwai baƙi da yawa a shafukan ciki, giram 80 zai nuna ta baya, ku hau zuwa 100. A wannan adadin injin dijital ya fi dacewa. Ofset sai an yi farantin bugu ɗaya ga kowane launi, ribarsa sai kwafi sun yi yawa.

Ko da Scribus kuka yi aikin, wanda kyauta ne, ko InDesign, ko CorelDRAW da masu maɗaba'a suka fi sabawa da shi, PDF za ku miƙa, launi CMYK, wato launuka huɗu na bugu, haruffa a kulle a ciki. Duk hoton da ya kai bakin shafi ya zarce da milimita 3, abin da suke kira bilid, a buga a takarda mai ɗan girma sannan a yanke; in ba haka ba, farin zare zai bayyana a gefe. Kada ku ce a ci gaba sai kun riƙe kwafin gwaji ɗaya a ninke a ɗinke, mutum biyu da ba su rubuta komai a ciki ba sun karanta shi daga farko zuwa ƙarshe.

Farashi: ku raba kuɗin bugu da kwafi 200, ba 300 ba, domin wasu za su tafi kyauta ga makarantu da masu talla, wasu su dawo. Idan abin da ya fito ya fi kuɗin abincin ranar ɗan makaranta, ku koma shafi 16 ko ku ƙara neman talla wurin masu gyaran waya, telolin unguwa, da masu darasin yamma. Ku karɓi kuɗin talla ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kafin bugu, ba bayansa ba.

Mujallar da za ta riƙa fita a kai a kai ana yi mata rajista a Hukumar Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa, NMC, lambar ISSN kuma ana nemanta a ɗakin karatu na George Padmore da ke Accra. Ku fara wannan da wuri.

Sau huɗu a shekara ya ishi mutum huɗu: edita, mai zane, mai hoto, mai kuɗi da talla. Kowace fitowa ku ba ta mako takwas, uku na rubutu da hoto, biyu na zane, ɗaya na gyara, ɗaya na maɗaba'a, ɗaya na ajiya saboda ɗaukewar wuta. Ku kauce wa watan azumi da lokacin jarrabawar BECE da WASSCE. Makon Sallah, lokacin da yara ke da ɗan kuɗi a aljihu, shi ne kasuwa. Fayil ɗin waya, mai sauƙin nauyi, ku sake shi mako biyu bayan na takarda. A shafi na 22 kuma ku bar ɗan gurbi da za a yaga a dawo da shi, mai tambaya biyu: wane shafi ka fara buɗewa, wanne ka tsallake? Da amsoshin nan a gabanku za ku ninke sababbin takardu shida na fitowa ta biyu.