Golfish da kwaɗon ruwa a tanki ɗaya: kurakuran da muke ta maimaitawa

Salamu alaikum jama'a. Tunda na ajiye tankin kifi a shagon askina nan Aboabo a Kumasi, da wuya sati ya wuce wani bai tambaye ni ba, wai Masta zan iya haɗa golfish, kifin adon nan mai launin zinare, da ƙananan kwaɗin nan na ruwa a gilashi ɗaya don yara su samu abin kallo? Toh za su zauna, amma zaman doya da manja ne, ƙarshe sai ɗaya ya cuci ɗaya. Ni na gwada, sai da na yi asarar kifi biyu da kwaɗi uku sannan na dawo hayyacina.

Kuskuren farko tun a wurin saye ake yinsa, mutum bai san wane kwaɗo aka sa masa a leda ba. Iri biyu ne aka fi sayarwa kuma suna ƙanana kamar an tsaga kara. Akwai ɗan ƙaramin, wanda asalinsa dazuzzukan Kongo da Kamaru da wajajen nan ne, ko ya tsufa bai cika wuce santimita 4 zuwa 5 ba. Akwai kuma mai farce, ɗan kudancin Afirka, sunansa a littafi Xenopus, wannan yana kai santimita 12, yana iya yin shekara 15 a duniya, kuma duk abin da ya gifta gabansa da hannu biyu yake tura shi baki. Ni wani mai sayar da kifi ne a cikin gari ya rantse min cewa farin da ya ba ni ba ya girma, bayan wasu watanni abu ya zama kamar tafin hannun yaro, wata safiya na buɗe shago na ƙirga kifi na ga babu ɗaya, na zargi yaran shago har da faɗa, bayan sati biyu wani ya sake ɓata, ashe kura na ba ajiyar nama. Gyaran ba wuya, ka dubi hannayensa na gaba kafin ka biya. Ɗan ƙaramin yana da fata tsakanin yatsun hannu kamar ƙafar agwagwa, mai farce yatsun hannunsa a warwatse suke babu fata, idanunsa kuma a saman kai suke kamar yana leƙen sama. In ka ga fari fat mai jan ido, kusan kullum mai farce ne. (Shi dai wannan kwaɗon da shi likitocin Turai suke gwajin ciki tun wajen 1930 zuwa 1950 da wani abu, a yi wa macen kwaɗon allurar fitsarin matar, in ta zuba ƙwai kafin kwana ya zagayo to akwai ciki. Ikon Allah.)

To da na gane sai na ce bari in sayi ƙananan, ai su ba su cin kowa. Nan ma wani kuskuren. Golfish da kake gani ɗan mitsitsi a leda jariri ne, mai wutsiya ɗaya yana kai santimita 25 ko fiye, kuma shi ma dokarsa ɗaya ce, abin da ya shiga baki abinci ne. Ɗaya daga cikin kwaɗina haka ya tafi. Wani lokacin ma kwaɗon maƙalewa yake a maƙogwaron kifin su mutu tare.

Sauran biyun yunwa ce ta kashe su, kuma wannan ne ya fi min ciwo don kullum ina zuba abinci ina ganin ai kowa ya ƙoshi. Ɗan kwaɗon nan ba ya gani sosai, da ƙamshi yake neman abinci, a ƙasan tanki, a hankali kamar tsoho na neman carbinsa cikin duhu, shi kuwa golfish kafin ka rufe gwangwani ya share sama ya sauko ya share ƙasa. Sannan abincinsu ma ba ɗaya ba ne. Kwaɗo nama yake ci, jar tsutsar nan ta ƙanƙara da ake sayarwa, ko tana da ka yanka ƙanana, ko tsutsar sauro, golfish kuma yana buƙatar ganye a cikin cimarsa, ɗan dafaffen alayyafo ko koren wake da aka ɓare. In dole suna tare, ka fara zuba wa kifi nasa a can gefe ɗaya, sai ka ɗauki hantsaki dogo ko sirinji marar allura ka kai wa kwaɗo nasa har gaban hanci, ka tsaya ka ga ya haɗiye. Dan Allah kuma a bar zuba burodi da gari, ba kaji ba ne.

Maganar zafin ruwa, nan ne masu kallon YouTube suke ruɗewa. Bature zai ce ka saya wa kwaɗo hita, don a garinsu ɗaki sanyi ne da shi. Kwaɗon yana son digiri 24 zuwa 27, golfish kuwa kifin ruwan sanyi ne, a Sin aka fara kiwonsa fiye da shekara 1000 da suka wuce, ya fi jin daɗi wajen 18 zuwa 23. Mu nan Kumasi ruwan da ke ajiye a ɗaki da kansa yake kai inda kwaɗo ke so, a Fabrairu da Maris ma ya wuce, 'yan Nima da Mamobi na Accra kuwa ba sai na faɗa muku ba. Ke nan a wurinmu kwaɗon yana gida, golfish ne baƙo mai wahala. Kada ka sayi hita, ma'aunin zafi za ka saya. Ruwa in ya yi ɗumi iskar cikinsa raguwa take, shi ya sa za ka ga kifi ya taso sama yana ta buɗe baki, mutane su ce yana gaisuwa ko yana roƙon abinci, alhali numfashi yake nema. Ka janye tankin daga taga da jikin bangon da rana ke duka, ka sa fanka tana kaɗa saman ruwan, kuma kada ka juye ƙanƙara a ciki, sanyin farat ɗaya ya fi zafin illa. Sai dumso. An ɗauke wuta da tsakar rana injin iska ya tsaya, kwaɗo ko a jikinsa tunda huhu gare shi sama yake zuwa ya shaƙa, kifi ne zai galabaita. Ɗan injin iska mai aiki da fawa bank ya cece ni ba sau ɗaya ba.

Ƙaramin kwanon gilashi mai kama da tulu kuwa, a bar shi a sa fulawa. Golfish ɗaya mai tumbi yana son wajen lita 75, wato galan ɗin Kufuor, jarkar nan mai lita 25, guda uku, kowane ƙari kuma a ƙara kamar lita 40, saboda kifi ne mai kashi ba kaɗan ba, kashin nan yana zama amoniya mai ƙona masa matsatsin numfashi, shi kuma kwaɗo ta fata yake shan dafin. Abin da ke cinye amoniya ƙwayoyin halitta ne da ke zama cikin soson filta, suna ɗaukar sati 4 zuwa 6 kafin su kafu a sabon tanki. Sai ka ga Hajiya ranar Asabar ta kwashe kowa ta zuba a bokiti, ta wanke tanki da Omo tas, ta wanke soso a famfo, ta cika da sabon ruwa, Litinin a wayi gari kifi na iyo da ciki sama. Tsabtar ce ta kashe shi. Kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan za ki canja duk sati, soson ki matse shi cikin tsohon ruwan da kika ɗiba, sabulu ko kusa. Ruwan famfo yana da kilorin, a ɗiga masa maganin cire kilorin kafin a zuba. Ga kuma inda rigimar take, golfish na son filta mai ƙarfi, ɗan kwaɗo ba gwanin iyo ba ne, ruwa mai gudu yana gajiyar da shi kuma bakin filta na iya zuƙe masa ƙafa, sai an ɗaura soso a bakin. Zurfi ma kada ya wuce kamar taku ɗaya da ɗan kai, don hawa sama shaƙar iska aiki ne a wurinsa.

Gishiri da magani: kifi ya yi farin ƙuraje sai a ce zuba gishiri, golfish yana jurewa, kwaɗo ba ya jurewa, maganin da ke da sinadarin jan ƙarfe a ciki kuwa kisa ne kai tsaye. A fitar da marar lafiyan a yi masa magani a wani mazubi daban. Tsakuwa ƙanana duk su biyun suna haɗiya, a sa yashi mai laushi ko duwatsun da suka fi bakinsu. Murfi dole ne, kwaɗo na tsallakowa da dare ka same shi ya bushe a bayan kujera, amma a bar sarari tsakanin ruwa da murfi.

Masu yara ku ji wannan. Kwaɗin ruwa suna ɗauke da salmonela, a Amurka tsakanin 2009 da 2011 sama da mutum 200 suka kamu ta dalilin ƙananan kwaɗin nan, yawancinsu yara. Kallo da ido kawai, wanda ya sa hannu a ruwan ya wanke da sabulu, kada a wanke kayan tanki inda ake wanke kwanukan abinci. In kuma kin gaji da shi kada ki kai shi gota ko rafin Subin, kashe shi ma malamai sun karantar da mu an hana kashe kwaɗo, ki nemi mai so ki ba shi.

Ni yanzu tanki biyu gare ni. Babban yana shago da golfish biyu da fanka a kansa, ƙaramin mai lita 40 yana gida da kwaɗi uku sababbi, da dare in gari ya yi tsit namijin yana wani ɗan kuka zzzz kamar waya na caji, uwargida ta kwana biyu tana neman inda wuta ke tartsatsi. Shi kuwa farin mai farce yana wurin wani abokina a Asawase, shi kaɗai a tankinsa, har yanzu in ka kai yatsa jikin gilashi sai ya kawo cafka.