Idan birkin baya ya riƙe taya, kada ka yi saurin sayen kaya

A daminar bara wani Alhaji ya kawo mini Honda Accord ƙirar 2005. Daga Zariya ya taho, ya ce tun wajen Kwanar Dangora yake jin ƙauri, motar kuma ta yi nauyi kamar ana janta ta baya. Sau biyu aka canja masa fad ɗin baya, wato abin da ke matse faifan birki ya tsayar da taya, cikin wata huɗu. Na kara bayan hannuna kusa da tayar baya ta dama, sai na ji huci kamar na murhu, ta hagu kuwa lafiya lau. Raina ya ɓaci, domin an sa bawan Allah ya kashe kuɗi ba a nemo abin da ke cinye fad ɗin ba.

A shekarun da na yi ina wannan sana'a, abu uku nake samu suna riƙe birkin baya: wayar hambirki, ko man birki da ya shiga ya kasa komawa, ko tsatsa da ta cije ƙarfe. Kowanne da yadda ake kama shi, kuma gwajin ba ya cin ko sisi.

Ka bari taya ta huce tukuna. Ka tsayar da mota a ƙasa mai tauri, ka sa ta a giya, ka tokare tayoyin gaba da katako ko dutse, ka sauke hambirki, sannan ka ɗaga baya. Don Allah kada ka sa jikinka ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ka ƙara mata abin tokarewa mai ƙarfi. Yanzu juya kowace taya da hannu. Mai lafiya za ta yi ta juyawa, sai ɗan gogawa kaɗan. Idan ta juya sakayau amma tana gurnani, birki ba shi da laifi, ka duba boris.

Da hambirki nake farawa, don shi ya fi sauƙi. Ka sa yaro ya ja ya saki, kai kana kallon ɗan hannun da wayar ke ja a jikin kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe da fad yana matse shi. Dole ya koma mazauninsa da kansa. In sai ka tura shi da sukundireba ya koma, cire wayar daga jikinsa ka sake juya taya. Ta saki? To wayar ce ta sha ruwa da laka ta yi tsatsa a cikin rigarta. Wasu na ɗura mata mai ta yi sati biyu ta sake cijewa. Ni canjawa nake yi.

Gwaji na biyu shi ne wanda na fi so, shi ne kuma aka tsallake a motar Alhaji. Taka birki da ƙarfi sau biyar, ka saki, ka tabbatar tayar ta riƙe. Sai ka ɗauki sufana lamba 8 ko 10, ka ɗan kwance notin nan na jikin kalifa da ake fitar da iska ta cikinsa. Idan mai ya yi tsartuwa, taya kuma ta saki nan take, ka kama ɓarawo: mai ne ya maƙale. Galibi tiyon roba da ke kai mai ga tayar ne ya ruɓe ta ciki. Daga waje za ka gan shi sumul, amma cikinsa ya zama ƙofa mai barin shiga ba ta barin fita, saboda ƙafarka na tura mai da ƙarfi, komawarsa kuwa ba mai tura shi. Abin da ya sami Accord ɗin ke nan. Amma idan tayoyi biyu ko duka huɗun ne suka riƙe, musamman bayan mota ta yi zafi, ka koma gaba wajen masta, wato famfon da ke tura man birki idan ka taka. Akwai ɗan ƙaramin rami da mai ke bi ya koma cikin kofinsa, datti ko robar da ta kumbura kan toshe shi.

In ka kwance notin taya ba ta saki ba, ƙarfe ne ya cije. Cire kalifa, ka rataye ta da waya, kada ka bar ta tana lilo a jikin tiyo. Fil biyun da take zamewa a kansu ya kamata su shiga su fita da yatsa biyu. Ka goge su tas, ka shafa musu giris na birki mai silikon. Nan ake yawan kuskure: giris na gama-gari da baƙin mai suna kumbura roba, bayan wata guda fil ya sake kafewa. Ka kankare tsatsar da ke mazaunin fad har sai ya riƙa motsi ba tare da guduma ba. Fistin ɗin baya na irin wannan Accord kuwa murɗa shi ake yi ta hannun dama ana dannawa, domin hambirki na cikinsa. Wanda ya matse shi da ƙarfi kamar na gaba ya lalata kalifa. Idan ka tarar da robarsa ta yage, jikinsa ya yi ramuka, kada ka wahalar da kanka da sanfefa, ka je kasuwar Kofar Ruwa a Kano ka nemo wata kalifar.

Masu Corolla ta 2003 zuwa 2008, yawanci birkin ganga ne a bayanku, ba kalifa ba, sai an cire gangar ake ganin cikinsa. Idan ta ƙi fita, akwai ramuka biyu a fuskarta da ake ɗaura noti mai milimita 8 a ture ta a hankali, ko ka sassauta ajasta ta ramin da ke baya. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka taɓa sifirin, kuma ka gama gefe ɗaya kafin ka buɗe ɗayan. Duba ko sifirin ya saki, ko layinin ya ɓamɓaro daga takalminsa, ko silinda na tsiyayar da mai. Ƙurar ciki kada ka hura ta da baki ko da iska, tana illa ga huhu, ka jiƙa tsumma ka goge.

Fad ko takalmin da ya ƙone, na tayoyin biyu ake canjawa tare. Man da ya tafasa ma a zubar da shi. Man birki na shan danshi: irin man da ake kira DOT 3, sabo sai ya kai digiri 205 a ma'aunin Celsius kafin ya tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa a 140 ma ya tafasa, ruwan nan kuma shi ke haifar da tsatsa a fistin. Shi ya sa nake cewa a canja shi duk shekara biyu, a kuma zuba irin wanda aka rubuta a murfin kofin.

Bayan ka haɗa komai ka fitar da iska, taka birki har ya yi tauri kafin ka motsa motar. Ka yi tafiyar kilomita biyar, ka tsaya ka gwada hucin tayoyin biyu, su zo daidai. Haka na yi wa Alhaji bayan na canja tiyon, na kuma roƙe shi abu ɗaya: duk ranar da ya ratsa ruwa ko aka wanke motar, ya ɗan tattaka birki a hanya ya bushe, in kuma zai ajiye ta kwanaki a fili mai daidai, ya bar ta a giya ya tokare taya, ya ƙyale hambirki a sauke.